Cibiyoyin adana bayanai da rigimar fili: ina ikon ƙaramar hukuma ya fara, ina ya tsaya?

Idan kamfani ya zo da kuɗinsa ya sayi gonaki a gefen gari, ya ce zai gina cibiyar adana bayanai mai shan wutar da za ta ishi birni guda, wa ke da hurumin cewa i ko a'a? Mai gonar da ya sayar, ko maƙwabcin da zai kwana da ƙugin injina, ko kansilolin ƙaramar hukuma, ko gwamnan jiha? Tambayar nan ta hana ƙananan hukumomi da dama sakat a Amurka da Turai cikin 'yan shekarun nan. Tun da kasuwar ƙirƙirarriyar basira ta buɗe, kamfanoni irin su Amazon da Google da Microsoft da Meta suke neman fili ruwa a jallo, jama'ar gari kuma suna cika zauren majalisun gundumomi har tsakar dare, wasu na roƙon a bari a gina, wasu na cewa ba da su ba.

Mai bin labarin daga nesa zai iya ɗauka faɗa ne tsakanin masu son ci gaba da masu ƙinsa. Idan aka matsa kusa, sai a ga rigimar ta dokar amfani da ƙasa ce: me aka halatta a gina a wane wuri, wa aka tambaya kafin a halatta, kuma yaushe aka tambaye shi. A wurare da yawa an yanke hukuncin ne shekaru kafin motar haƙa ta farko ta iso, lokacin da ake rubuta wata doka da mazauna unguwa ba su zaci za ta taɓa su ba.

## Mece ce ita wannan cibiya?

Hoton da ka tura wa ɗan'uwanka ta WhatsApp, kuɗin da ka aika ta manhajar banki, karatun da ka saurara a YouTube, duk sai sun ratsa ta cikin wata kwamfuta da ke ajiye a wani gini a wani gari. Wannan ginin shi ne cibiyar adana bayanai. Daga waje katafaren gini ne mara taga, an zagaye shi da shinge da kyamarori. Daga ciki dogayen akwatunan ƙarfe ne layi-layi, kowanne maƙil da kwamfutoci an ɗora wata kan wata, suna aiki dare da rana. Kwamfuta in tana aiki zafi take ɗauka, don haka babban aikin ginin shi ne sanyaya su: manyan fankoki a kan rufi, injinan sanyi a gefe, wani lokaci da ruwa mai yawa. A bayan ginin kuma ga manyan janaretocin dizal a jere, suna jiran ranar da wuta za ta ɗauke.

Wutar da suke sha ce ta sa abin ya zama magana. Wani rahoto da cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley ta fitar a Disamban 2024 ya nuna cewa a 2023 waɗannan cibiyoyi sun sha kashi 4.4 cikin 100 na dukkan wutar Amurka, kuma zuwa 2028 abin zai iya kaiwa tsakanin kashi 6.7 da kashi 12. A jihar Virginia kaɗai, hukumar bincike ta majalisar dokokin jihar, wadda ake kira JLARC, ta ƙiyasta cewa cibiyoyin na jan kimanin megawat 5,000. Wannan ya yi kusan daidai da abin da babban layin wutar Najeriya ke rarraba wa ƙasar baki ɗaya a rana mai kyau.

Sai dai duk da girman nan, ma'aikatansu ba su taka kara sun karya ba. Rahoton na JLARC ya ce lokacin gini ana iya samun ma'aikata kusan 1,500 a wuri ɗaya, na shekara guda zuwa shekara da rabi. Ana gamawa, sai a koma kimanin mutum 50, kusan rabinsu ma 'yan kwangila ne. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin duk inda ake tallata irin wannan aiki, da zancen samar da ayyukan yi ake buɗe baki.

## Me ya kawo ƙaramar hukuma cikin zancen?

A Amurka gwamnatin tarayya ba ta da ta cewa sosai a kan abin da mutum zai gina a filinsa. Ikon na jihohi ne, su kuma suka damƙa shi ga gundumomi da birane. Yawancin ƙananan hukumomi suna da taswirar da ta kasa ƙasarsu shiyya-shiyya: nan gidajen zama, nan kasuwanci, nan masana'antu, can noma. Birnin New York ne ya fara yin cikakkiyar doka irin wannan a 1916, sannan a 1926 Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da halaccinta a shari'ar ƙauyen Euclid na jihar Ohio da kamfanin dillancin filaye na Ambler. Duk wanda ya taɓa wayar gari ya ga ana haƙa ramin tankin gidan mai a filin da ke jikin katangarsa ya san dalilin da ya sa ake irin wannan doka, ya kuma san abin da ke faruwa idan babu ita.

Kamfani na iya samun damar gini ta ƙofa uku. Ta farko ita ce izini kai tsaye: idan dokar shiyyar ta riga ta lissafa irin gininka cikin waɗanda aka halatta, to ma'aikacin ofis ne kawai zai duba takardunka ya buga hatimi. Babu zaman sauraron jama'a, babu ƙuri'ar kansiloli, maƙwabci ma ba dole ba ne ya ji labari. Ta biyu izini ne na musamman, inda dole a buga sanarwa, a saurari jama'a, kansiloli su kaɗa ƙuri'a, kuma suna iya gindaya sharuɗɗa ko su ƙi. Ta uku ita ce neman a sauya shiyyar ɗungurungum, misali a mai da gona ta zama filin masana'antu. A nan ne ƙaramar hukuma ta fi ƙarfi, domin kamfani kan zo da alkawura a rubuce, na gyaran hanya ko dasa itatuwa ko ja da baya daga gidaje, don a amince masa.

A ƙofar farko gizo ke saƙar. Lokacin da aka rubuta yawancin dokokin shiyya, babu wanda ya san abin da cibiyar adana bayanai za ta zama. Wasu ƙananan hukumomi sai suka sa ta a sahun ginin ofis ko ƙaramar masana'anta mara hayaniya, wato irin ginin da ake bari kusa da gidaje. Shekaru suka shuɗe, gine-ginen suka ninka girma, dokar tana nan yadda take. Binciken JLARC ya gano cewa kusan kashi ɗaya bisa uku na cibiyoyin Virginia suna dab da unguwannin zama, ya kuma ɗora laifin mafi yawa a kan raunin tsarin shiyya na ƙananan hukumomin kansu.

## Loudoun: gundumar da ta ci moriya, ta kuma fara taka burki

Babu inda ya kai gundumar Loudoun ta arewacin Virginia, kusa da birnin Washington, tarin waɗannan cibiyoyi a duniya. Suna da kusan 200, akasari a kewayen garin Ashburn. Asalin abin tun shekarun 1990 ne, lokacin da ɗaya daga cikin manyan mahaɗun intanet na farko da kamfanin AOL suka zauna a yankin, aka shimfiɗa wayoyin sadarwa a ƙarƙashin ƙasa, wuta kuma tana da araha. Sau da yawa za ka ji ana cewa kashi 70 cikin 100 na zirga-zirgar intanet ta duniya ta nan take bi. Masana da dama sun musanta wannan adadi, kuma girman wurin bai buƙaci a yi masa ƙari ba.

Abin da ya sa gundumar ta rungume su shi ne haraji. Ban da harajin fili da na gini, akwai harajin da ake ɗora wa kwamfutocin da ke ciki, waɗanda ake sabuntawa duk bayan 'yan shekaru. Yau fiye da kashi ɗaya bisa uku na kuɗin shigar babban asusun gundumar daga nan yake fitowa. Cibiya ba ta tura yara makaranta, ba ta cika asibiti, motocinta kaɗan ne. Da kuɗinta aka gina makarantu, aka kuma yi ta sassauta ma'aunin harajin gidaje shekara bayan shekara. Duk mai son ya yi adalci a wannan muhawara sai ya yarda cewa wannan riba ce ta gaske, kuma talakan gundumar ya ɗanɗana ta.

Ita ma jihar ta sa hannu wajen jawo su, domin ta yafe musu harajin sayen kayan aiki matuƙar kamfani ya zuba jarin dala miliyan 150 ya ɗauki mutum 50. A shekarar kuɗi ta 2023 kaɗai, wannan rangwame ya haura dala miliyan 900.

Amma tafiya ta yi tafiya, sai farashin fili ya haura dala miliyan 2 kowace eka a wasu wuraren, har mai son gina gidaje ko shago ko ƙaramar masana'anta ya kasa gogayya. Gine-gine masu tsayi suka matso bayan gidajen mutane. Jami'an kuɗin gundumar da kansu suka fara gargaɗin haɗarin dogaro da sana'a ɗaya. A Maris na 2025 majalisar gundumar ta soke izinin kai tsaye, ta ce daga yanzu kowace sabuwar cibiya sai ta bi ta gaban jama'a da kansiloli. Matakin ya yi daidai, sai dai ya zo a makare, kuma da yawa daga takardun da aka riga aka shigar an bar su su ci gaba a kan tsohon tsari. Maƙwabciyarta Fairfax ta riga ta gyara tata dokar a Satumban 2024, inda ta wajabta tazarar ƙafa 200, wato kimanin mita 60, tsakanin ginin cibiya da shiyyar gidaje, da binciken ƙara kafin gini da bayansa.

## Zaman sa'o'i 27 da sanarwar da ta rusa shi

Idan ana son ganin dukkan ɓangarorin rigimar a wuri ɗaya, to a dubi gundumar Prince William, kudu da Loudoun. A can ne aka tsara wani aiki mai suna Digital Gateway a yankin karkara mai faɗin kimanin eka 2,100, inda kamfanonin QTS da Compass za su gina cibiyoyi har 37. Filin yana jikin dandalin tarihi na Manassas, inda aka gwabza manyan faɗace-faɗace biyu na yaƙin basasar Amurka a 1861 da 1862.

Abin da mutane ke yawan mantawa shi ne, masu filayen ne da kansu suka haɗa kai suka nemi a sayar. Hujjarsu ita ce karkarar da ake cewa a kare ta riga ta tafi: manyan turakun wuta sun ratsa gonakinsu, motoci sun cika hanyarsu, noma ba ya riƙe gida, ga kuma mai saye ya zo da farashin da ba su taɓa mafarkinsa ba. Ƙungiyoyin ma'aikatan gini suka mara musu baya saboda aikin shekaru da za a samu. A ɗaya ɓangaren akwai mazauna unguwannin da ke kewaye, da yawansu tsofaffin da suka yi ritaya, da masu kare tarihi, da masu fargabar abin da zai sami ruwan sha na yankin idan aka share daji aka malale shi da kankare.

Rigimar ta ci kujera tun kafin a kai ga ƙuri'a. A watan Yunin 2023 shugabar majalisar gundumar, Ann Wheeler, wadda ke goyon bayan aikin, ta sha kaye a zaɓen fid da gwani a hannun Deshundra Jefferson mai adawa da shi. Sabuwar majalisa za ta kama aiki a Janairu, don haka aka yi ta hanzarin kammala batun kafin tsohuwar ta sauka. Aka buɗe zaman sauraron jama'a da safiyar 12 ga Disamba 2023. Ɗaruruwan mutane suka rubuta sunansu, kowa ya jira layinsa ya zo gaban makirufo ya yi 'yan mintunansa, dare ya raba ana yi, gari ya waye ana yi. Sai washegari, bayan sa'o'i 27, aka kaɗa ƙuri'a: huɗu suka amince, uku suka ƙi, ɗaya ya ƙaurace.

Mazauna wata unguwa suka garzaya kotu. A Agustan 2025 alƙaliya Kimberly Irving ta soke sauyin shiyyar gaba ɗaya. Ba ta ce cibiyoyin na da illa ba, ba ta kuma taɓa zancen ruwa ko tarihi ba. Abin da ta kama shi ne sanarwa. Dokar jiha ta tsara yadda za a buga sanarwar zaman a jarida da tazarar da za a bari, kuma takardun aikin su kasance a ajiye inda kowa zai iya zuwa ya duba. Gundumar ba ta cika waɗannan ƙa'idoji ba. Aikin biliyoyin daloli ya tsaya a kan tallar jarida, kamfanonin da gundumar kuma suka nufi kotun ɗaukaka ƙara.

Wasu sun kira wannan hukunci da fakewa da ƙananan ƙa'idoji. Ni ban ga haka ba. Mutumin da ba shi da lauya, ba shi da mai kama masa ƙafa a majalisa, abin da doka ta ba shi kaɗai shi ne a sanar da shi a kan lokaci, a kuma nuna masa abin da za a yi. Idan aka tauye wannan, zaman sa'o'i 27 ɗin ma bai cika sauraro ba.

Su ma masu filayen ba su tsira ba. Da aka sauya shiyyar, aka kimanta filayensu da darajar filin cibiyar bayanai, harajinsu ya yi tashin gwauron zabo, alhali shari'a ta riƙe cinikin, kuɗin bai shigo hannunsu ba.

## Ƙara, ruwa, hayaƙi, da rufa-rufa

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne ƙara. Ba irin mai fasa kunne ba ce. Ƙugi ne mara yankewa daga fankokin sanyaya, wanda ke ratsa bango da taga, ya fi damun mutum da daddare idan gari ya yi tsit. Mazauna unguwar Great Oak da ke kusa da Manassas sun yi shekaru suna kuka da shi, suka kuma tarar cewa tsohuwar dokar hana hayaniya ta gundumarsu ta keɓe injinan sanyaya ɗaki, domin lokacin da aka rubuta ta na'urar gida ake nufi. A birnin Chandler na jihar Arizona irin wannan kuka ne ya sa aka yi sabuwar doka a ƙarshen 2022, wadda ta wajabta auna ƙara kafin a fara gini da bayan an fara aiki.

Maganar ruwa tana buƙatar natsuwa, don ana yawan zuzuta ta. JLARC ta ce mafi yawan cibiyoyin Virginia ba su fi babban ginin ofis shan ruwa ba, 'yan kaɗan ne ke sha fiye da kima. Ya danganta da irin na'urar: mai sanyaya da ruwa tana rage shan wuta, mai sanyaya da iska tana rage shan ruwa amma ta ƙara shan wuta. Saboda haka tambayar ita ce wane iri za a kafa, kuma a wane gari. A ƙaramin birnin The Dalles na jihar Oregon, cibiyoyin Google sun sha fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na ruwan birnin a 2021. Jama'a ba su san haka ba sai a ƙarshen 2022, bayan hukumar birnin ta shafe fiye da shekara tana shari'a da jaridar The Oregonian don hana fitar da adadin, da sunan sirrin kasuwanci.

Wannan rufa-rufa ita ce abin da na fi ganin muninsa a duk lamarin. Kamfanoni kan zo da sunan aro, su sa jami'an ƙaramar hukuma su rattaba hannu a kan yarjejeniyar kame baki, ta yadda kansila zai tsaya gaban waɗanda suka zaɓe shi ya kasa faɗin sunan mai aikin. Haka aka yi a Tucson, birnin da ke cikin hamada a Arizona, da wani aiki da aka laƙaba wa Project Blue a fili mai eka 290. Sai da 'yan jarida suka tono wata takardar gunduma kafin sunan Amazon ya fito. Jama'a suka fusata, a Agustan 2025 kansilolin birnin baki ɗayansu suka ƙi shigar da filin cikin birni, wato suka hana shi ruwan birni. Kamfanin da ke gina wurin bai haƙura ba, ya koma ta hannun gunduma da kamfanin wuta, da alkawarin sanyaya da iska.

A Memphis ta jihar Tennessee hayaƙi ne matsalar. Kamfanin xAI na Elon Musk ya kafa cibiyarsa a 2024 a wata tsohuwar masana'anta, ya jera injinan samar da wuta masu aiki da gas, kusa da unguwar Boxtown ta baƙaƙen fata marasa ƙarfi, waɗanda dama sun daɗe suna shaƙar hayaƙin masana'antu. Masu fafutukar muhalli sun ɗauki hoton injina fiye da 30 daga sama. A Yulin 2025 sashen lafiya na gundumar Shelby ya ba da lasisin guda 15.

## Inda hannun ƙaramar hukuma ba ya kaiwa

Ƙaramar hukuma tana da iko da fili, amma ba ta da iko da wuta, kuma wutar ce ke taɓa aljihun kowa. Farashin wuta da hanyar da manyan layuka za su bi hukumomin jiha ne ke yanke su, tare da hukumar da ke kula da babban layin yanki. A yankin babban layin da hukumar PJM ke kula da shi, wanda ya haɗa jihohi 13 da birnin Washington, farashin tanadin wuta a gwanjon da aka yi a Yulin 2024 ya tashi daga kusan dala 29 zuwa kusan dala 270 kan kowane megawat a rana, kuma mai sa ido a kasuwar ya ɗora kaso mai tsoka na tashin a kan buƙatar cibiyoyin bayanai. JLARC ta yi hasashen cewa zuwa 2040 magidancin da ke sayen wuta daga kamfanin Dominion a Virginia zai iya ganin ƙarin dala 14 zuwa 37 a takardar wutarsa kowane wata.

Ga inda rashin adalcin yake: gundumar da ta ba da izini ita ke karɓar haraji, amma nauyin yana bazuwa har kan waɗanda ba su da ƙuri'a a cikinta. Manoma a gundumomi uku na jihar Maryland suna ta fama da shirin ratsa gonakinsu da sabon babban layin wuta mai tsawon kimanin mil 70, wanda buƙatar cibiyoyin yankin na cikin dalilan gina shi. Wasu jihohi sun fara neman gyara. A Ohio, a Yulin 2025 hukumar kula da farashin wuta ta amince cewa manyan cibiyoyi su biya aƙalla kashi 85 cikin 100 na wutar da suka ce a tanadar musu, ko sun sha ko ba su sha ba, har tsawon shekaru 12.

Ko a kan filin ma ikon yana da iyaka. Virginia tana bin wata tsohuwar ƙa'ida da ake danganta wa alƙali John Dillon tun 1868, wadda ta ce ƙaramar hukuma ba ta da wani iko sai wanda jiha ta ba ta a fili. Shi ya sa gundumominta ba sa iya rufe ƙofa su ce an dakatar da karɓar takardu, kamar yadda birnin St. Charles na Missouri ya yi na shekara guda a Agustan 2025. Da majalisar dokokin Virginia ta zartar da ƙudurin da zai wajabta binciken ƙara kafin ba da izini, gwamnan lokacin, Glenn Youngkin, ya hau kujerar na ƙi a Mayun 2025, yana mai cewa zai tauye 'yancin ƙananan hukumomi ya kuma ƙara wa masu zuba jari wahala.

Sannan akwai tsoron kotu. A ƙaramar hukumar Saline ta jihar Michigan, wakilai sun ƙi sauya shiyyar gonaki a Satumban 2025. Kamfanin da masu filayen suka kai ƙara, cikin 'yan makonni hukumar ta sasanta ta ba da hanya, domin ƙaramar hukumar karkara ba ta da kuɗin jan shari'a da masu biliyoyi. Wurin ne aka sanar daga baya cewa na kamfanonin OpenAI da Oracle ne.

A Turai ma gwamnatin sama kan taka ta ƙasa. Majalisar Kudancin Dublin a Ireland, ƙasar da cibiyoyin bayanai suka sha kashi 21 cikin 100 na wutarta a 2023, ta so ta haramta sababbi a tsarinta na 2022, minista ya umarce ta da ta janye. A Birtaniya gwamnati ta ayyana su cikin muhimman kadarorin ƙasa a Satumban 2024, ta kuma soke ƙin amincewar wasu majalisun ƙananan hukumomi a kewayen Landan. A Holan akasin haka aka gani: majalisar garin Zeewolde ta amince wa Meta a Disamban 2021, jama'a suka juya mata baya a zaɓen Maris na 2022, majalisar dattawan ƙasar ta nuna adawa, kamfanin ya janye a shekarar.

## A Najeriya wa ke riƙe da wuƙa da nama?

Cibiyoyin sun fara shigowa, kodayake ƙanana ne idan aka gwada da na Virginia. Mafi yawansu a Legas suke, inda wayoyin intanet na ƙarƙashin teku ke sauka. Akwai Rack Centre, akwai Equinix da ya sayi MainOne a 2022 kan dala miliyan 320, MTN ma ya buɗe tasa a Ikeja a 2025. Kamfanin gwamnatin tarayya na Galaxy Backbone yana da cibiya a Abuja da Kano. Saboda rashin tsayayyar wuta, irin waɗannan wurare sun dogara sosai da gas da dizal, don haka a nan maganar hayaƙi da ƙarar injin ba ta ranar da wuta ta ɗauke kaɗai ba ce.

Bambancin shi ne ƙaramar hukuma a Najeriya ba ta da irin ikon gundumar Amurka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filin birni shi ke ba da takardar mallakarsa, ƙaramar hukuma kuma tana ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara kawai. Gwamna na iya karɓe fili da sunan amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada kuma ta abin da ke kan filin ce, gini ko shuka ko itatuwa, ba ta darajar ƙasar ba. A 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta ce tsara birane hurumin jihohi ne. Ke nan wanda zai buga hatimin izinin gini a Kano hukumar tsara birane ta jiha ce, wato KNUPDA, a Kaduna KASUPDA, ba shugaban ƙaramar hukuma ko kansila ba, balle dagaci ko mai unguwa.

Ƙofar da doka ta bar wa maƙwabci ita ce dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992. Idan aiki ya shiga sahun waɗanda ake tantancewa, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya kan baje rahotonsa na kwanakin aiki 21, a ajiye kwafi a wurare irin su sakatariyar ƙaramar hukumar da abin ya shafa, a kuma sanar a jarida da rediyo. Rahoton da Turanci yake zuwa, mai kauri, amma a cikinsa ake rubuta yawan wutar da aikin zai sha, inda zai ɗebo ruwa, yawan injinan da zai kafa, da tazararsu da gidajen mutane. Cikin waɗannan kwanaki ne ake karɓar ƙorafin jama'a a rubuce, kuma ƙungiyar unguwa ko ta manoma na da damar miƙa nata kamar kowa.